Amsar Mutum Ashirin da Tara

4 ga Oktoba

Zuwa ga jikata, Ƙaramar Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai, mahaifiyarki kuma tana cikin ƙoshin lafiya. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwa tana nan da halinta. Kunne ya ƙara nauyi, shi ya sa na ce a daina wahalar kirana a waya, ba abin da nake ji sai ƙugi kamar na injin niƙa. Ido ne kawai bai ci amanata ba tukuna.

Da ma'aikacin gidan waya ya miƙo mini wasiƙarki, sai da na ce ya sake duba sunan. Shekara shida rabon da wani ya rubuto mini. Na daɗe ina lalube a raina ko wace ce ke, sannan na gano: ke ce jikar ƙanin marigayiya matata, wadda ta taɓa tsinke mini maɓallin riga tana goye a bayan uwarta. Yau ga shi har kin shiga jami'a kina nazarin halayyar ɗan Adam.

Kin ce gudun lissafi ya kai ki wannan fannin, sai ga darasin ƙididdiga ya tare ki a zangon farko. Na yi dariya ni kaɗai. Kada ki ji tsoron lamba. Shekara talatin da huɗu na yi ina akawun sikeli a kamfanin siminti, duk motar da za ta fita sai ta hau gabana. An lallashe ni, an yi mini barazana, ban taɓa rubuta lambar da allura ba ta nuna ba.

Aikin da kika ba ni na gama. Kin ce tsofaffi talatin, tambaya biyar, kowa ya cika fom ɗinsa ya liƙe a ambulan, kada ko ni in leƙa. Haka aka yi. Layinmu na ma'aikata ɗaki talatin ne cif, goma sha biyar suna kallon goma sha biyar, famfo a tsakiya, nawa na ƙarshe kusa da ƙofar fita. A 'yan shekarun nan ba mu cika shiga harkar juna ba, kowa ƙofarsa a rufe. Amma da na ɗauki takardunki na bi ina ƙwanƙwasawa bayan la'asar, ba wanda bai buɗe ba.

Direba, tsohon abokin tsokanata, na ganina ya ce, "Akawu, motoci sun ƙare ka koma auna mutane?"

Na ce, "Kai ko an ɗora ka a sikeli allura ba za ta motsa ba."

Ya ce, "Wannan kam ka yi gaskiya."

Uwar Tagwaye, wadda ta yi mana girki a kantin kamfani, ta karɓi bironta tana tsokanata wai har yanzu ban biya ta farantin da na fasa ba. Mai Famfo ya cika nasa a tsaye. Abin da ya ba ni mamaki, maganarsu ina jin ta tar, ba sai sun ɗaga murya ba. Ɗakunansu akwai sanyi ƙwarai. Kuma duk layin ba wanda ya ba ni ko ruwa, abin da ba halinsu ba ne, amma tsufa yana canza mutum.

Nawa fom ɗin ba sirri a ciki. Abinci jiya, sau biyu. Barci, awa biyar. Mutanen da na yi magana da su, ɗaya, matar nan mai shagon bakin titi. Fita ƙofar gida a mako, sau uku. Kaɗaici daga ɗaya zuwa goma, na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta tara.

Ga ambulan talatin nan a ɗaure. Allah ya ba da sa'a.

Kakanki,
Akawu

20 ga Oktoba

Kaka,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, ya gwiwar? Mama tana gaishe ka, ta ce maganar maɓalli ƙage ne, ni yarinya ce mai hankali tun ina goye. Ni lafiyata ƙalau, sai dai aikin nan ya jefa ni cikin tsaka mai wuya.

Bari in yi maka bayani yadda aka koya mana. In ka tara amsoshi, abu biyu kake fara nema: matsakaicinsu, da kuma yadda suka warwatsu a gefensa. Malaminmu kullum cewa yake mutane ba bulo ba ne, dole wani ya ɗara wani ya gaza. To na buɗe ambulan ɗin maƙwabtanka ashirin da tara, Kaka, amsarsu ɗaya ce sak. Abinci, sifili. Barci, awa ashirin da uku. Wanda suka yi magana da shi, ɗaya. Fita, sifili. Kaɗaici, ɗaya. Warwatsuwa babu ko kaɗan. Sau uku ina sake lissafin.

Malam ya kira ni ofishinsa, ya baje takardun a tebur ya ce, "Ke, ko 'yan biyu ba sa amsa haka. A gado kika kwanta kika cike su?" Na rantse masa, na nuna masa rubutun kowa daban ne. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa ta hasken taga. Daga baya ya ce zai ba ni dama ɗaya: a sake ba mutanen nan fom bayan mako biyu, a ga ko za su maimaita. In ba haka ba sai in maimaita darasin baɗi.

Da na yi zanen, ɗigo ashirin da tara sun hau kan juna sun zama ɗigo guda, naka yana can gefe shi kaɗai, saniyar ware. Malam ya ce irin wannan da ya yi nisa da sauran yakan ja matsakaici ya ɓata sakamako, sau da yawa cire shi ake yi. Ni duk kaina ya ɗaure.

Kaka, don Allah kada ka yi fushi da tambayar nan. Ba kai ka gaya musu abin da za su rubuta ba? Ko sun haɗa baki ne suna yi wa 'yar jami'a tsiya? Wane ne zai wuni bai ci komai ba ya yi barcin awa ashirin da uku?

Ga sababbin fom talatin. Ka yi haƙuri da wahalar da nake ba ka.

Jikarka

6 ga Nuwamba

Ƙaramar Malama,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, jikin da ɗan nauyi amma ba ciwo. Ki gai da mahaifiyarki.

Tambayarki na karanta ta sau huɗu. Ban yi fushi ba, yarinya ce ke, ba ki san ni a bakin aiki ba. Ban gaya wa kowa abin da zai rubuta ba, ban leƙa ambulan ko ɗaya ba. Ga zagaye na biyu nan, shi ma a liƙe.

Na tambayi Direba zancen abinci, tunda ke kin buɗe mini sirrinsu. Na ce, "Kai da kake cinye rabon mutum uku a kanti, yau kai ne da sifili?"

Ya ce, "Akawu, mu mun daɗe da hutawa da wannan wahalar. Kai ne dai ka nace."

Na ce, "To awa ɗayan da ba ku barci fa, me kuke yi?"

Uwar Tagwaye ta amsa daga ƙofarta, "Muna sauraron sandarka, mu ji ko za ka ƙwanƙwasa."

Na ji daɗin maganar, kodayake da na koma ɗaki sai da na rufa da bargo biyu.

Yanzu ga muhimmiyar magana. Na fahimci takardata ce take ɓata miki aiki, har malaminku yana shawarar a cire ni. Ba na so a cire ni. Shekara shida ba wanda ya ƙirga ni a cikin komai sai ke. Ba kuma zan rubuta miki ƙarya don in yi kama da sauran ba, hannuna bai iya ba. Amma a bakin sikeli, idan mota ta wuce nauyi, ba lambar muke gyarawa ba. Buhuna muke saukewa har allura ta dawo inda ake so.

To na fara sauke buhuna. Na bar cin rana. Na daina zuwa shago sai in dole. In na idar da sallar azahar sai in kwanta, in rufe ido ko barci bai zo ba, da sannu ya koyi zuwa. Ga lambobina na wannan karon, kowacce gaskiya ce: abinci sau ɗaya, barci awa goma sha ɗaya, magana da mutum ɗaya, fita sau ɗaya. Kaɗaici ya sauko shida, wannan kuwa ban yi masa komai ba, da kansa ya sauko.

Ki nuna wa malaminku ɗigon yana matsowa. Ya ƙara mini lokaci kaɗan.

Kakanki,
Akawu

21 ga Nuwamba

Jikata,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Alhamis biyu ina tsayawa a bakin ƙofa ina jiran ma'aikacin gidan waya, ba komai. Na ce wataƙila lambobin ba su gamsar ba, kina jin nauyin gaya mini.

Ki yi haƙuri da rubutun. Tunda ba ki aiko da fom ba, na ja layi a takarda da kaina na yi na uku.

Abinci, rabi. Shayi ne ba burodi, na ga bai kai a kira shi ɗaya ba, bai kuma zama sifili ba. Barci, awa goma sha tara. Fita, sifili, wannan wasiƙar ma ta saman ƙofa zan miƙa ta. Kaɗaici, biyu.

Ki ji abin mamaki, gwiwar ta daina ciwo ɗungurungum. Sanyin ɗaki ma ban ƙara jin sa ba. Maƙwabta yanzu ba sa rufe ƙofa. In na farka da yamma sai in gan su zaune kowa a bakin ɗakinsa, layi biyu, duk sun juyo suna kallon nawa. Ba sa hira da juna. Jiya Uwar Tagwaye ta taso har bakin tagata ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Akawu. Saura kaɗan." Mai Famfo ya ce in bar wahalar ɗibar ruwa, ba zan daɗe ina bukatarsa ba.

Makon jiya ma'aikacin gidan waya ya same ni ina amsa wa Direba wata tsokana. Ya yi mini magana, bakinsa yana motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ya leƙa layin ta bayana, ya dube ni, ya hau babur ɗinsa da sauri. Yaran yanzu ba su da haƙuri da kurma.

Ina ganin nan da mako ɗaya ɗigona zai hau kan nasu. Sai ki kai wa malaminku talatin cif, ba wanda za a cire.

Kakanki

25 ga Nuwamba

Kaka,

Don girman Allah, kafin ka ƙarasa karanta wannan, ka tashi ka ci abinci. Ko me ke ɗakin, ka ci.

Wasiƙunka biyu yau na same su tare. An tura ajinmu asibiti mako biyu muna kallon aiki, ta farkon tana kwance a akwatin sashenmu ban sani ba. A tsaye na karanta su.

Ban ce ka gyara kanka ba! Malam takarda yake nufi, ba mutum ba. Kai kaɗai ne amsarka ta yi kama da ta mai rai, ni ce wawuya da ban gane ba na tsaya ina lissafi.

Na kira Mama na karanta mata sunayen maƙwabtanka. Kaka, ta ce shekara goma sha ɗaya ke nan da aka rufe kamfanin aka kwashe mutanen layin nan, kai kaɗai ka ƙi tashi. Ta ce Direba ya rasu tun kafin a rufe, ita da kanta ta je gaisuwa. Uwar Tagwaye a gidan 'yarta ta cika, shekara bakwai da suka wuce. Mai Famfo ma haka. Duk wanda na ambata sai ta ce Allah ya jiƙansa.

Ban san wa ya cike takardun nan ba. Suna cikin jakata, na kasa taɓa su, na kasa zubarwa. Zagaye na biyu ma amsar ɗaya ce.

Kada ka sake ƙwanƙwasa ƙofar kowa. In sun yi maka magana kada ka amsa. Ka fita daga layin nan ka je wurin mai shago ka zauna cikin mutane. Na aiko wannan ta saƙon gaggawa don ta same ka ranar Alhamis. Ni da Mama muna tafe ranar Asabar, motar farko.

Darasin ya tafi duk inda zai tafi. Ka jira mu, Kaka. Ka jira mu a waje.

Jikarka

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Ƙaramar Malama,

Gaisuwa a taƙaice, ƙarfin kaɗan ne. A bencin mai shago nake rubuta wannan, zan bar ta a hannunta.

Wasiƙarki ta zo jiya da hantsi. Da farko na ji haushin mahaifiyarki. Sai na ce ai akawu ba ya musu da baki, zuwa yake ya duba. Na ɗauki sanda na bi layin da rana tsaka. Kowace ƙofa da kwaɗo ta waje, sun yi tsatsa har sun haɗe da ƙarfen. Ciyawa ta tsiro a dokin ƙofar Uwar Tagwaye ta kai gwiwa. A ƙasa sawun mutum ɗaya ne da na sanda, ya je kowace ƙofa ya dawo.

Ina juyowa na ji muryar Direba ta tagarsa, tar kamar kullum. "Akawu, ina za ka da ranar nan? Koma ka kwanta mana, ka kusa gamawa." Shekara talatin ban taɓa barin tsokanarsa ta faɗi ƙasa ba. Jiya na bar ta.

Daga ɗakina zuwa shagon nan taku ɗari biyu ne. Na fito da azahar, na iso ana kiran la'asar. Baiwar Allah nan tana ganina ta saki abin da ke hannunta ta riƙe ni. Ta ba ni burodi da madara, na ci ya dawo, ta sake ba ni. Ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin ajiyarta tsakanin katan-katan na sabulu.

Yau gwiwar tana ciwo kamar ana buga ƙusa. Sanyi ya dawo. Kaɗaicin kuwa ya wuce inda ya taɓa kaiwa, har kuka na yi a gaban masu sayen kaya, ban ji kunya ba.

In kun iso kun same ni a bencin nan, ki yaga wannan takarda. In kun tarar ba na nan, ki riƙe hannun mahaifiyarki ku koma. Kada ki shiga layin nemana, ko kin ji ina kiranki.

Kakanki

19 ga Disamba

Zuwa ga jikata, Ƙaramar Malama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma makaranta lafiya, jarrabawa kuma ta zo da sauƙi. Ni ina nan gidan mahaifiyarki kamar wani sarki. Sau uku take tsaya mini a ka sai na share faranti, in na ce na ƙoshi ta ce ba ni ta tambaya ba. Ƙannenki suna shiga ɗakina ba sallama, sun gano in suka yi ihu a kunnen hagu ina ji. Likita ya ce na ƙara kilo biyu. Na sa ya sake ɗora ni, don sikelinsa bai kwanta mini ba.

Na ga abin da kika rubuto, cewa kin zubar da ashirin da tara kin kai wa malaminku takardata ita kaɗai, shi kuma ya ce ba a ƙididdiga da mutum ɗaya, sai baɗi. Ya yi gaskiya, kada ki riƙe shi a rai. Baɗi ki nemo tsofaffi masu gardama da tari da ƙorafi, ki kuma je ki gan su da idonki.

Akwai abin da ban gaya wa mahaifiyarki ba, ke zan gaya wa, don aikinmu ne tare.

Shekaranjiya da safe na tarar da ƙunshi a bakin ƙofar ɗakina ta ciki. Ba kan sarki, ba adireshi, an rubuta Akawu kawai. Na tambayi mutanen gida a fakaice, ba wanda ya ga mai kawowa. Ambulan ashirin da tara ne. Na san dokarki, ban taɓa karya ta ba, amma wannan karon na zauna a bakin gado na buɗe su duka. Sun ja layi da hannu, kowa da rubutunsa, na gane na Direba da yake karkata kamar motar da tayarta ta sace.

Abinci, sifili. Fita, sifili. Wanda suka yi magana da shi, sifili. Barci, sifili. Kaɗaici, goma. Su duka.

Ke kin san goma a takarda. Ni na san nauyinta, na ɗauke ta a bencin mai shago kwana biyu kacal na ji kamar ƙirjina zai tsage. Su kuwa ko barcin da suke fakewa a ciki ya tafi. Mutanen nan shekara talatin muna shan ruwan famfo ɗaya. Na yi musu addu'a, ina kuma yi bayan kowace salla. Amma jiya da la'asar na farga na gan ni tsaye a bakin titi da takalmi a ƙafa, ina tambayar wani mai mota ko yana bi ta hanyar tsohon kamfani. Ban tuna lokacin da na fito ba.

Na dawo na ƙone takardun a murhu. Sannan na ɗauki takalmana da sandata na kai wa mahaifiyarki, na ce ta kulle su a ɗakinta ta riƙe makullin. Ta yi dariya ta ce, "Baba, wane irin wasa ne wannan?" Na ce ta yi mini alkawari ba za ta ba ni su ba in la'asar ta yi, ko na yi fushi, ko na roƙe ta da Allah. Da ta dubi fuskata sai ta daina dariya, ta karɓa.

Ki riƙa rubuto mini, ko layi biyu ne. In hutu ya zo kada ki tsaya ko'ina.

Kakanki mai sa miki albarka,
Akawu